Bindigar Gidan Shamroz

"Ba wannan ba," in ji Gulzaman, yana ture bindiga ta uku da aka miƙo masa. "Usta, ba ni wadda in na harba a nan za a jiyo ta a can birnin Kohat."

Usta Mirbaz ya dube shi ta saman tabarau. Shekara arba'in ke nan yana ƙera bindiga a wannan kasuwa ta tsakanin duwatsu, ya ga masu saye iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ke murza bakin bindiga da yatsu biyu kamar mai duba yadi ba.

"Ɗan'uwa, mece ce sana'arka?"

"Tela ne ni."

"Na ga alama. Sau nawa ka taɓa harbi?"

"Sau uku."

"A bana?"

"A duniya."

Usta ya aje ƙarfen da yake gogewa, ya zuba masa koren shayi. Mutum mai shekara hamsin da biyu ba ya tashi haka kawai ya yanki lasisi ya hau mota ya zo neman bindiga, sai da dalili.

Dalilin kuwa tsoho ne. Shekara ashirin da shida da suka wuce Gulzaman ya je ƙauyen su matarsa ɗaukar amarya. Kamar yadda aka saba, mutanen ƙauye suka kafa farin faranti a gefen tsauni, suka ce ba inda amarya za ta sai ango ko mutanensa sun fasa shi. Wan amarya, Shamroz, shi ya miƙa masa bindigar gidansu da hannu bibbiyu, yana murmushi. Gulzaman ya harba sau uku, harsashi ukun suka wuce dama suka nutse a jikin wani tsohon itacen zaitun. Ya ce, anya bindigar nan lafiya? Shamroz ya karɓa ya ce, "Bindiga lafiyarta ƙalau," ya ɗaga ta, harbi ɗaya faranti ya tarwatse. Tun daga ranar aka laƙaba wa Gulzaman suna Maharbi. Yara suka taso da shi, mata suka riƙe shi, har masu kawo ɗinki. Shamroz kuwa, Allah ya yi shi da riƙon abin dariyar wani, bai taɓa yin baƙo ba tare da ya kai shi gindin zaitun ɗin ya nuna masa ramuka ukun ba.

Yanzu ga shi ɗan Gulzaman, Zarak, zai auri 'yar Shamroz nan da mako uku. Za a koma gefen tsaunin nan, za a kafa faranti, kuma tuni Shamroz ya aiko da saƙo cewa uban ango ne zai buɗe harbi, ya ce a ja wa itatuwa kunne.

"Don haka nake son babba," in ji Gulzaman. "Mai madubi a kai, mai ƙara. In ya miƙo min tasa in ce ya riƙe abarsa, na zo da tawa. Ina so in ga idonsa, Usta. Abin da nake so ke nan kafin in mutu."

"Babba za ta daki kafaɗarka, ka riƙa runtse ido tun kafin ka ja kunama. Mai koyo da ƙarama yake farawa." Usta ya ciro wata siririya daga bango, mai ƙaramin harsashi, irin da ake ce wa ashirin da biyu. "Wannan ba ta duka, harsashinta araha, sai ka harba ɗari biyu a yini."

"Ta harbin tsuntsu? In shiga ƙauyen Shamroz da wannan? Ai gara in tafi da almakashina."

Ya miƙe a fusace ya shiga duba na jingine da kansa. A can lungun da ake tara na gyara ya tsaya cak. Wata tsohuwar bindiga ce doguwa, gindinta ya yi baƙi don tsufa, an kafa masa ƙusoshin tagulla a jere, da wani koren tuntu a maɗaurinta. Tuntun ya koɗe, amma Gulzaman ko a mafarki ya gan shi zai gane shi.

"Ta wa ce wannan?"

"Ta wani mai gashin baki ce daga ƙauyukan gabas. Duk lokacin da za su yi biki sai ya kawo ta in wanke in sa mai. Kuma kullum magana ɗaya, kada in taɓa masa saiti." Usta ya ja tsaki. "Dubi ɗan ƙarfen da ke bakinta, an goce da shi gefe. In ka auna tsakiya daga taku ɗari, sai ta jefa maka harsashi kamu biyar zuwa dama. Na ce in gyara masa kyauta, ya ce a'a, haka ya gaje ta, hannunsa ya saba. Rowa ce ko taurin kai, oho."

Gulzaman bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Dama. Itacen zaitun yana dama. Baƙin ciki tsantsa ya kama shi. Shekara ashirin da shida yana sunkuyar da kai a taro, yana dariyar yaƙe in an kira shi Maharbi, har ya yarda a ransa cewa shi ɗin ba namiji ba ne wurin bindiga. Ashe ƙarfe ne aka goce da shi da bai kai faɗin bakin allura biyu ba.

"Ba rowa ba ce, Usta," in ji shi. "Baƙi yake miƙa wa ita. Ni ma ita ya miƙo min."

Usta ya cire tabarau ya goge da gefen rawaninsa, ya mayar. Ƙarar harbin masu gwaji na tashi jefi-jefi daga bayan shaguna.

"Baƙon da ya zo ƙofarsa?" in ji Usta. "Ya ci gurasarsa?"

"Angwaye shida na sani bayan ni. Duk zaitun ɗin suka harba, ko kusa da shi."

"Kai, tir! Kuma da hannuna nake sa mata mai." Ya miƙa hannu. "Kawo ta nan."

Ya matse ta a maƙalin ƙarfe, ya ɗauki 'yar guduma da wani guntun tagulla. Ƙwas, ƙwas. Ya leƙa, ya ƙara ɗaya. Aikin da ya cinye wa Gulzaman rabin rayuwa bai ɗauki tsawon shan kofin shayi ba.

"Ni dai ban san komai ba," in ji Usta. "Bindiga ba ta fita shagona a karkace, iyakar abin da na sani ke nan. To, ka fa gane, na gyara bindiga ne, ban gyara ka ba. In hannunka ya yi rawa, itacen nan yana nan yana jiranka. Har yanzu mai madubin kake so?"

Gulzaman ya dubi manyan bindigogin da ke sheƙi a bango. Sa'an nan ya ɗauki siririyar, ya kai ta kafaɗa, ya leƙa.

"Saitin wannan irin na waccan ne?"

"Iri ɗaya. Tsaga a baya, tsinke a gaba. Ka zura tsinke cikin tsaga, ka ɗora faranti a kai."

"Ashe zaren allura ne," in ji Gulzaman. "Ita nake so. Da harsashi gwargwadon abin da zan iya ɗauka."

Kafin ya tafi Usta ya fita da shi bayan shago, ya ce gyara sai da gwaji. Ya nuna masa yadda ake manna gindin bindiga a kafaɗa, yadda ake sakin rabin numfashi a riƙe rabi, yadda ake matsa kunama a hankali ba fizga ba. Da bindigar Shamroz ɗin kanta Gulzaman ya harbi gwangwani har sau goma. Bakwai na farko sun tafi inda suka ga dama. Na takwas gwangwani ya yi tsalle.

Mako ukun nan masu kawo ɗinki sun sha jira. Da an yi la'asar sai ya rufe shago ya nufi busasshen rafi a bayan gari, ya jera gwangwanayen madara. Matarsa Gulalai ta ce shi da Lala, wato wanta Shamroz, ba za su taɓa girma ba, ya ce haka ne. Bai gaya mata komai ba, don ƙanwar Shamroz ce.

Ranar biki da hantsi aka fito gefen tsauni, masu ganga a gaba, ƙamshin shinkafa da naman rago na tasowa daga tukwanen da ke bayan zaure. Ga faranti can yana ƙyalli a kan dutse, ga zaitun a damarsa. Shamroz ya ratso taro da bindigarsa a hannu, gashin baki ya sha mai.

"Maharbi! An ce ka sayi bindiga. Ina take? Ko tana aljihu?"

"Na bar ta gida, Lala. Ta koyo ce."

"Madalla. Ga ta gado, kun san juna." Ya juya ga jama'a. "Masu awaki a dama, ku janye su!"

Aka bushe da dariya. Gulzaman ya hango ɗansa Zarak cikin furannin angwanci, ya sunkuyar da kai kamar yadda shi ya sunkuyar a nan wurin. Wannan ya fi dariyar yi masa ciwo. Ya karɓi bindiga, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya manna ta a kafaɗa. Ya zura tsinke cikin tsaga. Ya saki rabin numfashi.

Faranti ya tashi fari fat, ya zube.

Mutanen ango suka ɓarke da ihu, ganga ta ɗauka. Zarak ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

"Sa'a ce!" Shamroz ya ɗaga murya, yana dariya. "Rawar hannu ce ta kai shi. A kafa wani, in nuna wa tela yadda ake yi."

Aka kafa wani. Ya tsaya a tsaye, ko durƙusawa bai yi ba, ya auna inda ya saba aunawa shekara da shekaru. Ƙura ta tashi kamu biyar a hagu. Ya ce iska ce. Ya sake, ƙura ta sake tashi a wurin. Kafin na uku ya ɗan tsaya, gumi na bin wuyansa, ya yi ƙoƙarin auna tsakiya, amma hannun da ya tsufa a karkace bai ji maganarsa ba. Faranti na nan zaune lafiya lau. Wani daga cikin tsofaffin angwayen nan shida ya ce a janye awakin hagu, dariya ta tashi har da mutanen ƙauyen kansu.

Shamroz ya sauke bindiga, ya juyo da bakinta ya dubi ɗan ƙarfen. Ga sabon tabon guduma nan yana sheƙi. Ya ɗago ya dubi Gulzaman.

Gulzaman ya matso, ya kaɗe masa ƙura daga kafaɗa da ladabi, irin na tela da ya gama gwada wa mutum riga. Ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Lala, anya bindigar nan lafiya? Ko dai wani abu ya canza a jikinta? Faɗa mana."

Dattawa suka zuba ido, angwayen nan shida ma suka zuba ido. In Shamroz ya ce an gyara saiti, ya tona wa kansa asiri ke nan.

"Bindiga lafiyarta ƙalau," in ji shi.