Inuwar Hanyar Hubbare

Yaya Maccido mutum ne da in ya kwanta ƙailula sai ya tashi da labari. Wasu su tashi da ciwon wuya, shi ya tashi da mafarki, kuma ni ce mai sauraro, tunda ni ce ƙanwarsa Hindu da ta dawo gida bayan rasuwar miji, ba ni da wurin gudu. Mafarkin kuwa ɗaya ne kullum. Hanyar da ta tashi daga ƙofar gidanmu a Ƙofar Marke ta nufi Hubbare yake gani ta rufe ruf da inuwa, masu ziyara suna tafe a hankali, babu wanda ya ɗora sallaya a ka don rana.

"Hindu, na sake ganin ta," zai ce, ido a lumshe. "Har kukan kurciya nij ji."

"To Yaya, tashi ka ji kukan cikinka, tuwo ya huce."

Aikin gandun daji ya yi har ya ajiye, ya raini itatuwan da suka yi wa garuruwan wasu inuwa, tasa hanyar tana nan fayau. A shekarar da nake ba ku labari, gwamnati ta yi shelar za ta dasa itatuwa a bakin titunan gari idan damina ta sauka, kuma a hannun mutanen gari za ta karɓi dashen. Yaya ya je ofishin gandun daji, aka ce masa hanyarmu tana ciki. Ya dawo yana taku kamar an rage masa shekaru. Sai kuma rediyo ta fara wata magana, wai abin da gwamnati ke kashewa ya fi abin da ke shigo mata, giɓin kasafi ya yi faɗi, ana tunanin dakatar da duk wani sabon aiki. Ba a ce an dakatar ba, ba a ce ba za a dakatar ba. Shi kuwa iri ba ya jiran sanarwa. In ana son dashe ya isa dasawa da ruwan farko, tun cikin zafin bazara ake zuba shi a leda.

Nan majalisar ƙofar gidanmu ta samu abin yi. Ina bayan zaure ina tsintar shinkafa, ina jin tsofaffi suna duba cikin gwamnati kamar masu duban tsohon ciki, kowa da alamarsa.

Salisu tela ya ce, "Matan manya ba su rage ɗinki ba. Ranar da sunka hwara kawo tsohon leshi a gyara musu, to an ɗaure jaka."

Malam Jelani, limamin unguwa, ya ce gaibu sai Allah. Sai kuma ya rage murya ya ƙara da cewa surukinsa na aiki a wani ofishi, kuma shayin da ake ba su yanzu babu madara.

Tukur mai hatsi ya bari suka gama, sannan ya gyara zama. "Ku bar zancen leshi da madara. Ni tun ina yaro abu guda nika kallo, bakin titi. Gwamnatin da aljihunta ya bushe ba ta fenti. In kun ga an shahe bakin titi da hwari da baƙi, akwai kuɗɗi ƙasa. In ba ku gani ba, kowa shi kama kainai."

Ba a jima ba kuwa, wata safiya aka wayi gari ma'aikata sun duƙa a bakin babban titi da bokitai, fari, baƙi, fari, baƙi, har inda ido ya ƙure. Warin fenti ya shigo mana har tsakar gida. Tukur ya zo majalisa yana shafa gemu cikin alfahari. Washegari Yaya ya je wajen abokinsa Alhaji Gazali ya ari wani lambu a gefen fadama, kan ɗan tudun da ruwa ba ya hawa, da sharaɗin zai tashi kafin lokacin dashen albasa. Ya ce ai kafin nan itatuwan sun daɗe a bakin hanya.

Ni nake kai masa fura da rana. Ban taɓa zaton baƙaƙen ledoji cike da ƙasa za su ba ni sha'awa ba, amma da suka tsiro, wallahi na so su. Dogonyaro ne mafi yawa, sai maɗaci da ɗan mangwaro. A zafin nan na Sakkwato da iska ke rawa a saman ƙasa, sai lambun ya yi kamar yana shawagi, kore shar, Yaya na tafe a tsakiya da butar ban-ruwa, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa. Ya san inda kowanne zai zauna. Wannan na ƙofar masallaci, wancan na inda mai goro ke shimfiɗa tabarma, wannan maɗacin na kwanar da tsofaffin mata ke tsayawa su huta. Yana faɗa ina gani, har na kan ji sanyin a bayan wuyana. Bayansa na ciwo, hannuwansa sun tsattsage, amma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Ashe fentin na tarbar baƙi ne. Wasu masana aka gayyato su duba yadda gwamnati ke kashe kuɗi, don su aka gyara titi, kuma su ne suka ba da shawarar a tsuke bakin aljihu. Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, muna shan iskarsa a tsakar gida, rediyo ta faɗi cewa an dakatar da duk sabon aiki, in ban da albashi da abin da ya zama dole, sai abin da hali ya yi.

A majalisa kowa ya ce shi dama ya hango. Salisu ya tuna wata Hajiya da ta kawo zane a rage masa tsawo. Tukur, ko kunya babu, ya ce, "Ai ni cewa niy yi fenti alama ta. Ban ce alamar mi ba."

Na ce wa Yaya tunda ga ruwa ya sauka, mu kwashi dashen mu dasa da kanmu, ko mu raba wa mutane. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata.

"Bakin titi na gwamnati na. Ba a dasa mai ko tsinke sai da izini. Ni da nic ci tarar mutane kan haka, ni za ni karya doka da hurhura?"

"To a ba masu gidaje."

"Waɗanga na hanya na, Hindu. Dakatarwa anka ce, ba a ce an soke ba. Kahin tsakiyar damina za su buɗe."

Haka majalisa ta koma sabon duba, yaushe za a buɗe. Wani ya ce bayan Sallah, wani ya ce sai an ga motocin ofis sun koma shan mai cike da tanki. Yaya ya riƙa zuwa ofishin, ana ba shi kujera da girmamawa, ana ce masa ana sa rai. Ruwa ya yi ta sauka a kan hanyarmu, yana gangarewa kwata a banza. Haushi ya hana ni zuwa lambun. Na yi fushi da gwamnati, na yi fushi da Tukur, na fi fushi da Yaya, don shi nake so.

Damina ta ɗauke. Alhaji Gazali ya zo da kansa, ya zauna a zaure ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya ce irin albasarsa ya isa dashe, ma'aikata za su shiga lambu gobe bayan azahar. Yaya ya yi masa godiya. Bayan ya fita, ya ce da ni, a hankali, in samo masu kurar ɗaukar kaya, a raba wa duk mai so.

Washegari muka isa lambun rana na tsaka. Dashen ya kai mini ƙugu, ganye ya haɗe da ganye. Yaya ya duƙa ya kama ledar farko, ta ƙi tasowa. Ya sa ƙarfi, sai muka ji ɗas, itacen ya taho a hannunsa, saiwar ta tsinke ta bar rabinta a ƙasa. Ya taɓa ta biyu, ya taɓa ta gaba, ya bi layin yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun huda leda sun kama ƙasar Alhaji Gazali. Shi da ya san itace ya san wanda aka tsinke wa uwar saiwa a farkon rani ba zai yi rai ba.

Ya sallami masu kura.

Sai na ga ya cire hularsa, ya kwanta a ƙasa tsakanin layuka biyu, ya miƙe ƙafafu. Ganyen ya rufe shi har ban ga fuskarsa sosai ba, sai ɗigon haske da ke yawo a kan rigarsa.

"Hindu," ya ce daga ciki, "akwai sanyi."

Na zauna kusa da shi, kaina a rana. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

"Ki biya gidan Gazali," ya ce, muryarsa ta fara nauyi. "Ki ce mai ina roƙon arziki. Ma'aikatan nan su bari sai bayan la'asar."