Motar Haya da Bakancen Ammi

A yi wa Sarfaraz adalci, bai taɓa buɗe baki ya ce motar tasa ce ba. Shiru kawai ya yi, kuma shirun ne ya ja masa.

Hayarta ya ɗauko a Mumbai, fara fat, don ya zaga da matarsa Nilofar gaɓar tekun yankin Konkan. Sun shiga kwalekwale sun ga tsohuwar ganuwar sarakuna da ke tsaye a tsakiyar teku, sun ci soyayyen kifi a bakin ruwa, Nilofar ta yi amai a kwane-kwanen dutse yana mata dariya. Da suka doshi garin Dapoli sai ya ce bari su ratse ƙauye su gai da mahaifiyarsa, wadda yake kira Ammi.

Tsohuwar tana shanya kifi a ƙofar gida. Tana ganin wanda ke tuƙi ta saki faifan, ta ɗingiso ta dafa motar da hannu biyu.

"Saffu! Ashe ka saya?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hangi maƙwabta sun leƙo ta katanga, har da waɗanda suka daɗe suna cewa ba abin da yake tsinanawa a birni. Sai ya yi murmushi. Shi ke nan fa! Kafin ya fito an ɗaura wa motar lemon tsami da barkono saboda baki, an aika a sayo alewa a raba wa unguwa. Nilofar ta mintsine shi, ya yi kamar bai ji ba.

Bayan sun ci shinkafa da miyar kwakwa, Ammi ta jawo akwatinta na ƙarfe, ta fito da wani koren mayafi mai bakin zinariya.

"Ranar da babanka ya cika a bayan motar kifi, muna neman asibiti, na yi bakance," in ji ta. "Na ce in Allah ya ba ɗana motar kansa, zan hau dutsen nan na bayan gari mai tsohuwar ganuwa a kansa, ba takalmi, in shimfiɗa wannan a kabarin waliyyin da ke can. Tashi ka kai ni."

Matar da ko salla a kan kujera take yi saboda gwiwa!

"Ka ji," Nilofar ta raɗa masa, "ka faɗa mata."

"Bari mu fita gari tukuna," ya ce.

Suka fita gari. Ammi tana gaba, tana shafa kujerar, tana ɗaga wa duk wanda suka wuce hannu. A gindin dutsen Nilofar ta sake taɓa shi, ya ce mutane sun yi yawa. Ƙarya yake, mai sayar da rake ne kaɗai a wurin.

Ammi ta cire silifa ta bar su a motar. Rana ta gasa jan dutsen nan har yana huci. Ta taka matakala kaɗan ta tsaya, ta kama gwiwa, ta sake takawa. Sarfaraz da Nilofar suna biye, shi takalminsa sabo, kunya tana cin sa har ba ya iya kallon bayanta.

"Ammi, bari in goya ki."

"Kai tafi can. Bakancen naka ne ko nawa?"

Duk inda ta zauna hutawa sai ya ce a ransa yanzu zai faɗa, sai kuma ya ga ai ta riga ta sha rabin wahalar, faɗar ta fi muni. Haka ya yi ta lallashin kansa har suka shige ƙofar ganuwar.

A saman, teku ya baje har ƙarshen gani, amma ko kallo bai ishe shi ba. Ammi ta shimfiɗa mayafin a kan kabarin, ta gyara gefensa, ta ɗaga hannu tana gode wa Allah tana hawaye. Da ta zauna ta miƙe ƙafa, ya ga diddigenta ya tsage, jini ya cakuɗe da jar ƙasa.

"Ammi," ya ce, "motar ta haya ce. Jibi zan mayar."

Ya so ta mare shi. Wallahi da ta mare shi da ya ji sauƙi. Ita kuwa ta dube shi, ta dubi matakalar da ta hawo. Can ta dafa bango ta miƙe, ta yaye mayafin daga kan kabarin, ta kakkaɓe shi, ta ninke a hankali.

"To, ban cika ba ke nan," ta ce. "Da sauran hawa a gabana."

"Ammi, ki yafe..."

"Ka dai yi sauri ka saya, Saffu. Gwiwoyin nan ba za su jira ka ba."

Ya miƙa mata hannu don su sauka. Ta saɓa mayafin a kafaɗa, ta kama hannun Nilofar.