Sunan da Furera Ba Ta Faɗa

Kwana uku Mastura tana maƙale a ɗan ofishin wata Islamiyya a Agege, tana zufa kan manhajarta ta farko. Sharaɗin ɗaya ne: in sunan da mahaifiya ta faɗa ya yi daidai da na rajista, a sallami ɗaliba. Amma kullum sai manhajar ta riƙe wata ɗaliba, Raliya. Mastura ta bi layukan umarnin manhajar har idonta ya yi ja, ba kuskure.

Rana ta huɗu ta tare Furera, mahaifiyar Raliya, da kanta. "Sunan 'yarki?"

"Uwani."

"Na rajista nake nufi!"

Furera ta sunkuyar da kai. "Haba, 'yar fari ce fa. Sai dai ta kwana nan."

Ita ma Mastura ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba.