Ƙananan Baƙaƙen Ƙasan Shafi

…ai ba ƙarya ba ce, baki ne ya saba. Haka Almu yake ta gaya wa kansa, yana tura keke daga Ƙofar Guga, jarida a naɗe a hammata. Hawan ma ya gagara.

Shekara tara yana karanta wa majalisar Babaji jarida bayan la'asar. Babaji maɗinki, ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba — amma kai, kunne! Dokarsa guda ce: kafin labari a juya bayan jaridar, a karanta ƙananan baƙaƙen ƙasan shafi. Wa ya buga, ta wane ne. "Ko karatu ne, sai an ji daga wane malami aka ɗauko." Da can abin dariya yake ba Almu, shi mai satifiket… wawa.

Yau baƙaƙen sun canza. Gwamnati ta saye jaridar, kuɗin mai ya zo, me zai gagare ta? Ga kuma takardar ɗaukar aiki a aljihunsa, ofishin yaɗa labarai na gwamnati, GRA, Litinin zai fara, har da babur. Shi zai jawo a zauna ana tankaɗe maganar gwamnati? Sai bakinsa ya faɗi sunan tsohon mai jaridar, sumul.

Labari ɗaya… biyu… a na uku allura ta tsaya.

"Da jaridar nan tambaya take yi, yau godiya take yi. Sake duba mani ƙasan shafin, Almu, ƙila ido ne."

Ƙila ido ne! Dubi dattako — ya kama shi dumu-dumu, ya kuma buɗe masa ƙofar fita a gaban mutane. Masu digiri na Zariya su rubuta littafi a kai, tsohon nan da zare a baki ya gano a labari uku. Wallahi yana son mutumin nan, son da har yake ba shi tsoro.

Shi fa? "Yadda na karanta haka yake, Baba."

"To, madalla." Allura ta ci gaba. Ko ɗago kai bai yi ba, wannan ne ya fi ciwo.

Gobe ya koma ya faɗa? Ya ce jaridar… ya ce takardar… Shekara tara Babaji yana tambayar ta wane ne jarida, bai taɓa tambayar na wane ne mai karantawa ba. Bai ga dalili ba.

Almu ya tsaya a bakin kwalbati, hannu a kan aljihu. Litinin… to shi a ina nasa baƙaƙen suke, da wani zai juya shi ya duba?