Wanda Zai Ga Ƙafafunta

Na'urar awon jini ta matse damtsen wata mai ɗinki, ta saki. Likitar ta dubi allon, ta taɓe baki.

"Mama, har yanzu jinin yana sama. Anya kina shan maganin nan?"

"Ƙwaya ɗaya ban taɓa tsallakewa ba," in ji mai ɗinkin. Gishiri ma ta bari, abinci ya koma mata kamar dusa. Ba mutuwar ce ke ba ta tsoro ba. Tsoronta jinin nan ya kayar da ita tsakanin keken ɗinki da ƙofa, ta kwana ta wuni a ƙasa, sai in mai karɓar ɗinki ta gaji da sallama ta leƙo.

Likitar ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ƙafafun mai ɗinkin suna ta aiki, diddige sama, diddige ƙasa, sai ka ce keken ta taho da shi.

"Kullum haka suke?"

"In na zauna ne. Kamar kiyashi na yawo cikin ƙashin. In na taka keke ko na miƙe sai su lafa. Da yamma kuwa abin ba a magana."

"Cikin barci fa, suna harbi?"

Mai ɗinkin ta yi dariya, karo na farko a ranar. "Da dai. Maigidan har cewa yake da jaki aka haɗa shi gado. Ya sha tashi da safe yana ɗingishin ƙarya, wai sai na biya shi diyya. Amma wannan kam na warke, tun bara ban sake ba."

"Wa ya ce kin daina?"

"Ai ba wanda ya sake yin ƙorafi."

"Shi maigidan bai ce komai ba?"

Bara ne aka fita da gawarsa. Wata da watanni tana gode wa Allah da ya yaye mata harbin, ashe mai faɗar ne babu.

Likitar ta sassauta murya. Ta ce ciwo ne sananne, kuma sau da yawa ana ganinsa tare da hawan jini: ƙafa na harbi, barci na yankewa, jini ba ya samun hutun da zai sauka. Za a duba sinadarin ƙarfen da ke cikin jininta, akwai kuma abin da za a iya yi. "Amma ina son wani ya kwana kusa da ke, ya faɗa mini abin da ya gani."

A bakin asibiti ta tsaya jiran mota, ta kira 'yarta. Kunya ta kama ta kamar mai roƙo, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, sannan ta faɗa.

"Kwana ɗaya kawai, 'yar nan. Na wanke zanin gadon ma."

"Wayyo Umma, ga yara, ga aiki da sassafe." Sai kuma muryar 'yar ta washe. "Ai ba sai na zo ba! Ki jingina wayarki a kan kujera, ki kunna bidiyo, za ta ɗauki komai har safe. Kin ga an huta."

"Haka ne," in ji mai ɗinkin. "Allah ya yi miki albarka."

Ta shiga mota ta zauna a gefen taga. Can aka yi nisa, matar da ke kusa da ita ta ce, "Baiwar Allah, ƙafarki tana buguna."

Mai ɗinkin ta ba ta haƙuri. Amma ba ta janye ƙafar ba.