Tudun Filin Kessler

Filin besbol na garin Kessler, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda wasu kuma su bi ta su cafke, yana da tudu. Ba abin ɓoyewa ba ne, ga shi nan a ƙuryar dama, inda ciyawa ke tashi ta hau sama ƙafa takwas kafin ta ci karo da katanga. Tun da aka gina filin a jikin gangaren hanyar jirgin ƙasa yake wurin, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan mutum ɗaya ke aske shi, wato Orval Tackett, mai kula da fili. Babban injin yankan ciyawa ba ya iya hawa, kifewa yake yi, don haka da ƙaramin na turawa Orval ke bi, sama da ƙasa, safiya uku a mako. Gwiwoyinsa sun daɗe suna kai ƙara, shi ko bai taɓa sauraronsu ba.

Duk bazara, in sababbin 'yan wasa suka iso, Orval kan ja wanda aka ba tsaron ƙuryar dama ya koya masa tudun. Kada ka dubi ƙafarka, ka dubi ƙwallo. In ka ji ƙasa ta fara tashi, rage taku, ka sunkuya gaba kamar mai hawa bene da kaya. Cikin mako biyu ɗan gida ya iya. Baƙo kuwa, ko da idonsa makaho ne. Zai taho da gudu, fuska a sama, hannu a miƙe, sai tudu ya ɗebe masa ƙafa ya kifa da baki, ƙwallo ta faɗi tana gangarowa a hankali ta wuce shi. Nan take 'yan kallo dubu uku za su miƙe su haɗa baki: "Sannu da hawa!" Yaran garin kan iya wannan ihun kafin su iya rubuta sunansu.

Cikin watan Agusta hukumar gasa ta aiko mai duba filaye, wata mata doguwa mai suna Corinne Baptiste, da awo a hannu da takarda a allo. Dwight Hollenbeck, mai ƙungiyar, yana biye da ita yana ta murmushin da bai kai ciki ba. Orval ya san Dwight tun yana zuwa filin a kafaɗar ubansa da majina a hanci, shi ya sa har yau bakinsa ya ƙi kiransa maigida.

Matar ta auna fitilu, ta leƙa ɗakin sauya kaya, ta ƙwanƙwasa benci. Da ta iso ƙuryar dama sai ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Tudu ne, Madam," in ji Orval.

"Na ga tudu ne. Me yake yi a cikin fili?"

"Abin da yake yi tun kafin a haifi kakarki. Yana zaune."

Dwight ya yi tari. Ita kuwa ba ta ji haushi ba, har ta ɗan murmusa. Ta ce filaye ɗari da goma sha takwas ta zagaya a shekara biyu, ta ga masu rufin da ke buɗewa, ta ga masu allon maki da ya fi gida girma. Ta ce sabon filin da aka gina a Carver City, mil casa'in daga nan, shi ne na ɗaya a takardarta: ciyawar roba lumui, katanga daidai wa daida ta kowane gefe, kujeru masu wurin ajiye kofi, ruwan sama ya sauka ya tsane cikin minti ashirin.

"Na je na gani," Orval ya ce. "Tsaf yake kamar ɗakin tiyata. In aka rufe miki ido aka ajiye ki a tsakiyarsa aka buɗe, za ki san garin da kike?"

"Ba ya cikin abin da nake aunawa."

"To shi ne kaɗai abin aunawa. Nan in aka ajiye ki, ko ba a buɗe idon ba kin sani. Ga ƙamshin gidan burodin Dudek, ga jirgin kwal yana wucewa ƙarfe takwas saura, mai jifa ya dakata sai ya wuce. Ga wannan." Ya buga tudun da takalmi. "Fili mai kyau shi ne wanda ɗan gida ya san wani abu a kansa da baƙo bai sani ba. In kowane fili ya zama ɗaya, me ya sa za a ce ana wasa a gida?"

"Mista Tackett, bara wani yaro ya tsinke jijiyar gwiwa a nan. Hukuma ba ta son a sake."

"Ya tsinke, gaskiya ne. Na kai masa ziyara asibiti. A filinku na roba guda nawa suka tsinke bana?"

Ta rubuta abin da ta zo rubutawa. Hukuncin ya fito cikin kwana goma, gajere ba kwana-kwana: a baje tudun kafin ƙarshen Satumba, ko kuwa hukuma ta janye izinin filin, ƙungiya ta koma Carver City.

Ana iya cewa magana ta ƙare, a kawo katafila kawai. Amma akwai abin da ke kwance ƙarƙashin tudun. Akwai bututun ban-ruwa da Orval ya shimfiɗa da hannunsa, akwai wayar wutar manyan fitilu, akwai kuma tsohon bututun gas na gidan ma'aikatan jirgi wanda ba wanda zai rantse ko ya mutu ko yana da rai. Taswirar duk wannan ta salwanta a ambaliyar da ta cinye ofishin filin shekarun baya. Ɗan kwangila ya ce shi ba zai sa haƙori a ƙasa ba sai an kafa masa tuta a kan kowane layi, doka ce, kuma yana da 'ya'ya. Masu na'urar gano bututu suka ce ba su da sarari sai tsakiyar Oktoba. Taswirar da ta rage a duniya guda ɗaya ce, tana cikin kan Orval Tackett.

Dwight ya same shi a rumfar kayan aiki yana wasa wuƙar inji. Ya ajiye masa kwali biyu na 'yan tutocin nan masu ruwan lemo da ake soka wa ƙasa, ɗari a kowane.

"Goma sha biyar ma sun isa, na sani," Dwight ya ce. "Haka ake sayar da su. Litinin da safe, bayan wasan ƙarshe."

"Ubanka da zai ji wannan, da ya tashi ya zane ka."

"Baba ya rasu, Orval. Zamani ya sauya. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Don Allah bar ni da karin magana. Kana tsammani daɗi nake ji? A kan tudun nan na fara sumbatar matata. Amma tudu ba ya buga ƙwallo. In babu ƙungiya, wa za ka aske wa ciyawar, shanu?"

Orval ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Maganar ta shige shi, ya dai ƙi nunawa.

Wadda ta fi soka masa ita ce Maxine Dudek, mai sayar da gugguru da gyaɗa a ƙofa ta uku, abokiyar faɗansa ta shekara talatin. Ranar Lahadi, kafin a buɗe ƙofa, ta miƙo masa kofi ba tare da ta dube shi ba.

"An ce kana taurin kai."

"An ce."

"Kai tsohon banza, ka san mu nawa ne ke ci a filin nan? Ni, da masu tikiti, da masu shara, da Earl mai busa sarewar nan da ba ya iya waƙa ko ɗaya daidai. Kai ka ga tudu, mu mun ga abinci."

"In na nuna musu, Maxine, ba tudun kaɗai za su ci ba. Baɗi su ce katangar katako ba ta yi ba. Baɗin baɗaɗa su ce ciyawa. Daga nan su ce gugguru ma inji zai sayar. A ƙarshe mu zama Carver City ta talakawa, ƙungiya kuma ta koma ta gasken duk da haka."

"Wataƙila. Amma baɗi da nisa, ni ko ina da haya a wata mai zuwa." Ta zuba masara a tukunya da ƙarfi. "Ba zan roƙe ka ba. Na dai ce ka sani."

Ya sani. Gaba kura, baya siyaki, kuma babu wanda ya jefa shi ciki sai shekarun da ya yi yana riƙe abu a ka ba ya rubutawa. Ya sha kofin nan yana jin ɗacinsa har wuya, ransa a ɓace, yana jin tausayin Maxine yana kuma jin haushin cewa tana da gaskiya.

Wasan ƙarshe ya cika maƙil, har kan rufin gidan burodi mutane suka hau. Labari ya riga ya zaga gari. A zagaye na bakwai wani ƙaton baƙo ya maka ƙwallo sama can ƙuryar dama, irin mai tsallake katanga, wadda a kowane fili sai dai a bi ta da ido. Yunior, ɗan ƙasar Dominika da ke tsaron wurin, wanda ya zo a watan Afrilu bai san tudu ba bai san Turanci ba, ya juya baya ya zura. Orval na tsaye bakin rumfa yana ƙirga masa taku a zuci. Ƙasa ta fara tashi, yaron ya rage taku, ya sunkuya, ya hau, ya kai ƙoli, ya miƙa hannu sama da katanga ya cafko ta. Ba don tudu ba, da ta fi ƙarfinsa da ƙafa takwas. Filin ya ɗauki ihu, jirgin kwal da ke wucewa ma ya saki ƙaho. Yunior ya sauko yana nuna Orval da safar hannunsa, tsohon kuwa ya juya ya shiga rumfa kamar ya manta wani abu, don kada a ga idonsa.

Sun ci wasan da huɗu da uku. Ba wanda ya yi gaggawar tafiya gida.

Litinin, rana ba ta gama fitowa ba Orval ya ɗauki kwalayen nan biyu ya nufi ƙuryar dama. Ya tsaya a gindin tudun ya daɗe. Ya san inda kowane layi yake kamar yadda ya san haƙoran bakinsa: na ruwa ya bi ta hagu ya karkata, waya ta miƙe tsakiya, na gas ya ratsa ta sama kusa da katanga. Aikin minti goma ne. Ya zaro tuta ta farko ya soka. Ya yi taku ɗaya ya soka ta biyu. Ya sake taku ya soka ta uku.

Ƙarfe takwas katafila ta shigo ta babbar ƙofa tana huci, Dwight na gaba a ƙasa yana yi mata jagora. Suka sha kwana suka tsaya. Tudun gaba ɗaya ya koma ruwan lemo, tun daga gindi har katanga, tuta ɗari biyu a jere, layi bayan layi, iska na kaɗa su. Orval na zaune a ƙoli bisa kwalin da ya juye, yana murza gwiwa.

Direban katafila ya leƙo, ya duba, ya cire hula ya sosa kai, sannan ya fashe da dariya ya kashe inji.

"Oga, ni dai ban ga inda zan sa ko cokali ba."

Dwight ya hau tudun, ya yi tuntuɓe sau ɗaya a hanya, ya iso yana haki.

"Waɗanne ne na gaskiya?"

"Duk."

"Orval."

"Tsufa ne, Dwight. Na tuna akwai bututu, na manta inda yake. Na ce gara in yi hattara, mutumin nan yana da 'ya'ya."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," Orval ya ce, ya dube shi ido cikin ido. "Ba zan nuna ba. Ka kawo masu na'ura a Oktoba ku tone shi, ba zan kwanta gaban inji ba. Amma ba da hannuna ba."

"Oktoba ya makara, ka sani. Ƙungiya za ta tafi. Maxine, Earl, kowa. Kai ka jawo."

"Na sani. Zan je in gaya wa Maxine da bakina, ta zage ni, ta kuwa isa." Ya dubi filin. "Ƙungiya ta taɓa barin garin nan sau biyu, ɗaya ina yaro, ɗaya ina wannan aikin. Duk sau biyun wata ta zo, don ta tarar da fili. In kuka baje wannan, ba abin da wata za ta tarar."

Dwight ya miƙa hannu. "Makullai."

Orval ya kwance su daga ɗamara, dami guda, na rumfa da na ƙofa da na ɗakin fitilu, ya ɗora masa a tafin hannu. Ƙugunsa ya yi sakayau, abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata. Ya miƙe da ƙyar, ya fara sauka a karkace, yana bi tsakanin tutoci ba ya taɓa ko ɗaya. Da ya kai rabi sai ya waiwayo.

"Gefen sama yana son ruwa kafin rana ta take, in ba haka ba ƙonewa yake yi. Kullum, ba fashi."

Dwight ya dubi makullan hannunsa, ya dubi ciyawar. "Ina famfon yake?"

"Ƙarƙashin ɗaya daga cikin tutocin," in ji Orval, ya ci gaba da sauka.