Sakata Ya Janye Ƙafa

A kulob ɗinsu akwai abin da 'yan baya suke kira gaisuwa. Da an hura usur, ƙwallon farko da ta zo ƙafar ɗan gaban abokan karawa, sai ka shige shi da ƙarfi, ka ɗauke ƙwallo ka haɗa da mutum, don ya san gidan akwai masu shi. Koci yakan ce ɗan gaban da aka gaisar da kyau, sauran wasan da ido ɗaya yake yin sa, ɗayan yana kan ƙwaurinsa. Duk cikin 'yan bayan nan kuwa babu wanda ya iya ta kamar Sakata. 'Yan kallo ne suka laƙa masa sunan, wai in yana baya an rufe ƙofa an zura sakata. A waje mutum ne mai sanyin magana, in ka gan shi ya saɓo 'yarsa a kafaɗa za su sayo madara, ba za ka ce shi ne ba. Shekarunsa ba su yi nisa ba, ana cewa yanzu ma ya fara.

Sai ranar da suka haɗu da Mazari, ɗan gaban wani kulob na garin, siririn saurayi da ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya. Ƙwallo ta zo masa, Sakata ya shiga kamar yadda ya saba. Ƙwallon ya fara samu, alƙalin wasa ko kati bai ɗaga ba. Amma takalmin Mazari ya kafe a ciyawa, jiki ya tafi, ƙafa ba ta bi ba. Ƙarar ta fito kamar an taka busasshen reshe. 'Yan kallo suna ta tafi suna kiran Sakata, ba su ji komai ba. Shi da mai ƙafar kaɗai suka ji.

An sa wa Mazari ƙarfe a ƙafa, ta warke amma ta gajarce, ƙwallo ta ƙare masa ke nan. Kawunsa ya ba shi teburin guga a shagonsa na wanki. Sakata kuma lafiyarsa lau, ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai tun daga ranar ƙafarsa ta daina jin maganarsa. Zai taho da gudu, ya auna, ya san daidai inda zai sa ta, sai ta noƙe da kanta. Ɗan gaba ya wuce shi kamar ya wuce turken shanya. Aka fara yi masa ihu, daga nan aka mayar da shi benci, daga benci ya fara ƙin zuwa atisaye.

Abin da bai fasa ba shi ne zuwa shagon wankin nan duk mako. Da hantsi zai buɗe durowa ya kwaso riguna ya cusa a leda. Wata ranar matarsa tana zaune tana yi wa 'yarsu kitso, ta bi ledar da kallo.

"Maigida, waɗannan fa jiya na wanke su na goge."

"Sun ɗan yamutse."

"Kai ka yamutsa su, ina kallonka." Ta ja gashin yarinyar a hankali. "Ni ban hana ka zuwa ba. Amma Koci ya aiko har sau biyu. Shi ma mutum ne, a je a ji."

Ya ce to, ya fita da ledarsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, kullum cikin tururi da ƙamshin sitaci. Riguna a rataye sama, sai ka sunkuya kafin ka shiga. Mazari yana kan doguwar kujera, ya kifa bokiti ya ɗora ƙafar a kai, sandarsa jingine da bango, rediyo a kan taga. Ya karɓi ledar ya zazzage, ya ɗaga riga ɗaya ya shinshina.

"Mutumina, sabulun gidanku ya fi namu ƙamshi. Ka gaishe da madam, ka ce ta zo mu ɗauke ta aiki."

Sakata ya yi murmushin yaƙe, ya zauna a bakin ƙofa. "Ya ƙafar?"

"Tana gaishe ka. In hadari ya haɗo ita ke fara gaya mini, na fi rediyon nan sanin ruwa." Ya fesa wa rigar ruwa, ya ɗora dutsen guga. "An ce ka daina zuwa atisaye."

"Ana faɗa."

"Ni ba ana faɗa na tambaye ka ba."

Sakata ya kalli kwatar da ruwan kumfa ke bi. Can ya ce, "Ba na iyawa ne. In na zo shiga, sai in ji ƙarar nan."

Mazari ya kafa dutsen guga a tsaye. Wasan ya bar fuskarsa.

"Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Masu kawo wanki in sun ga sandar nan sukan tambaya, mota ce? Sai in ce a'a, Sakata ne. Su ce Sakata dai na fili? In ce shi. Har wani kallo suke yi mini, kamar wanda zaki ya taɓa ya rayu. Shi ke nan abin da ya rage mini na ƙwallo, ka gane? In ka zama babban ɗan wasa, ni ne wanda babban ɗan wasa ya karya. In ka koma gida ka zauna, wa ya karya ni? Wani mai yawo da leda."

"Ka yafe mini dai."

"Kullum ka yafe mini, ka yafe mini. Me zan yi da ita, in goge ta in rataye? Ƙafata ta tafi. Taka tana nan garau ka naɗe ta ka ajiye. Ƙafa biyu ke nan aka yi asara a ƙwallo ɗaya. In kana son yafiyata, je ka buga. In ji sunanka a rediyon nan, shi ke nan mun rabu lafiya."

Washegari Sakata ya je wurin Koci. Ya same shi a ɗakin ajiye kaya yana matsa ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya yana ware waɗanda iskarsu ta sace. Dattijo ne mai furfura a gemu, shi ya ɗauko Sakata tun yana buga ƙwallon layi ba takalmi.

"Ɗana, ka tuna hanya ashe."

"A yi haƙuri, Koci."

"Haƙuri ba ya tsaron baya." Ya jefa ƙwallo a buhu. "Masu kulob sun ce in nemo wani. Na ce a ba ni wasan ƙarshen makon nan. Zan sa ka daga farko. Suna da wani sabon ɗan gaba mai rawar kai, ƙwallon farko da ta zo masa ka gaishe shi. Ban ce ka ji masa ciwo ba, ban taɓa cewa ka ji wa kowa ba. Ka shiga kawai, sau ɗaya, sauran zai dawo da kansa. In ba ka shiga ba, ni ma hannuna ya gaza."

Sakata ya ce in Allah ya yarda.

Ranar wasa ya ɗaure takalmi ya kwance, ya sake ɗaurewa. Fili ya cika. Da aka ga lambarsa wasu suka yi tafi, wasu suka ce yau kuma ƙofa a buɗe za ta kwana. Ya hango sabon ɗan gaban yana tsalle-tsalle a tsakiyar fili, safarsa ta zame ƙasa, ƙwaurinsa siriri kamar muciya. A cikin 'yan kallo, a benci na baya, wata mata ta miƙe tana ɗaga masa hannu, da gani uwarsa ce. Sakata ya kawar da kai. Ya ce a ransa, Mazari yana jin rediyo.

Ba a daɗe da farawa ba aka turo wa yaron ƙwallo ta gefen dama. Ta ɗan yi masa nisa, irin wadda ɗan baya ke roƙon Allah ya ba shi. Sakata ya taho. Ya ji Koci yana cewa yanzu, yanzu. Ya auna, ya sauke jiki, komai daidai. Sai ya ga takalmin yaron ya dafe ciyawa, duk nauyinsa a kan ƙafa ɗaya.

Ƙafarsa ta noƙe. Ya zame a banza ta gefe, yaron ya tsallake shi ko taɓa shi bai yi ba, ya yanke gola ya zura a raga.

Ihun da aka yi bai shiga kunnensa sosai ba. Yana zaune a ciyawa yana kallon yaron ya ruga wajen matar nan da ƙafafunsa biyu, sai ya ji wani sanyi a ransa, kuma ya san sanyin nan shi ne ƙarshensa. Da za a sake turo ƙwallon sau ɗari, haka zai yi. Ya tashi ya karkaɗe wando. Ba a ɗaga lambarsa ba, ba a kira shi ba, ya taka a hankali ya fita daga fili ana cikin wasa. Wata robar ruwa ta same shi a kafaɗa. Da ya zo wucewa ta gaban benci Koci bai ɗago ba, hularsa kawai ya ja ya rufe ido.

Bai nufi gida ba. Ya canja kaya ya bi titi da ƙafa, rana ta yi sanyi, masu shaguna sun fara yayyafa ruwa a ƙofa. Ya sunkuya ƙarƙashin rigunan ya shiga. Rediyon yana kan taga a kashe. Mazari yana guga, bai ɗago ba.

"Na ji sunanka," ya ce. "Sun faɗe shi da yawa ma."

"Na gwada, wallahi na gwada. Yaron ne, ƙafarsa ta..."

"Tasa ka gani." Ya juya hannun rigar ya bi shi da dutse. "Allah ya ba shi sa'a. Ni ranar ba a ga tawa ba."

Mazari ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo leda, rigunan makon jiya ne a ninke, an goge su tsaf, kowace da karinta. Ya tura masa.

"Ga kayanka. Kada ka ƙara kawowa, madam ta iya wanki."

"Mutumina..."

"Ba faɗa muka yi ba. Ka je kawai."

Wata mata ta leƙo da zannuwan gado a hannu, Sakata ya matsa mata ta shiga. Yana tsaye a waje rungume da ledar ya ji tana yi wa Mazari sannu, ta ce wannan sanda haka, hatsari aka yi?

Dutsen guga ya yi ɗan huci a kan rigar.

"Mota ce, Hajiya," in ji Mazari. "Guda nawa ne zannuwan?"